Neman shawara: mazaunin littafi da alamar shafi don tsoho mai karatu a kujera

Ɗiyar Malam, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema wajen kafintoci da dukawa da duk wanda ya taɓa yin irin wannan aiki.

Babanmu shekaru sun ja, gwiwa ta hana shi zaman tabarma, ko salla a kujera yake yi yanzu. Karatu kuwa bai rage ko kaɗan ba: bayan asuba Alƙur'ani, bayan la'asar tafsiri ko fiƙihu. Abin ɗora littafin da muke da shi irin mai naɗewar nan ne da alhazai ke zuwa da shi tsaraba, wanda aka yi don mai zaman harɗe. Mun aza shi kan ƙaramin tebur, sai littafin ya kwanta yana kallon rufin ɗaki, shi kuma Baba ya duƙa a kansa, tabarau na zamewa, wuya na ciwo. In ya ce zai riƙe a hannu, kafin ya ƙare shafi biyu hannun ya fara rawa, don mujalladin tafsirin ba ƙaramin nauyi gare shi ba.

Ta biyu, alamar inda ya tsaya. Tsinken tsintsiya yake sawa, ko katin waya da aka kankare, ko yankin tsohuwar kalanda. Fanka ta kwashe, jikoki su zare, shi kuma bai yarda a lanƙwasa kusurwar takarda ba ko da wasa. Kuma a littafi ɗaya wuri uku yake bi.

Wane irin mazauni zan ce wa kafinta ya yi, da wane katako, da wane awo? Alamar kuma ta fata ta fi ko ta zare?

Kafinta Ɗan Bagalam:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abu na farko, kar ki je wa kafinta da hoton da kika gani a waya ki ce a yi miki irinsa. Wanda ya yi na hoton bai san littafin Baba ba, bai san kujerarsa ba. Ki tafi da mafi girman littafin da yake karantawa, da tsayin da ke tsakanin ƙasa da gwiwar hannunsa in ya zauna.

Yawancin mujalladan larabci da ake kawo mana santimita 17 ne faɗi, 24 tsawo. In an buɗe ya zama 34, ki ƙara kaurin bayansa, ya doshi 38. Ke nan allon da littafin zai jingina a kai ya yi 40 a faɗi, 28 a tsayi ya isa. Amma ki auna naku, akwai Alƙur'anan tsofaffi masu manyan baƙaƙe da suka fi haka nesa.

Inda aiki ke lalacewa shi ne leɓen ƙasa, wato ɗan katakon da ke tare littafin kar ya zame. Mutane na auna shi da littafin da aka buɗe a tsakiya, sun manta cewa a farkon littafi ko ƙarshensa kusan duka kaurin gefe guda yake komawa. In kaurin mujalladin santimita 4 ne, leɓen ya fito 5. Bakinsa kuma kar a ɗaga shi sama ya wuce santimita ɗaya, a goge shi da samfefa ya yi sumul. In ya yi tsayi, duk buɗe shafi sai ƙasan takardar ya goge shi, a kwana a tashi gefen littafin ya tsattsage.

Jinginar baya kar a kafe ta wuri ɗaya. A sa ƙafa mai hinji, a yanka mata gurbi uku a gindin da za ta riƙa shiga, ɗaya a kwance-kwance, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya a miƙe. Hasken safe daban, na fitilar dare daban, shi zai zaɓa. Gindin ya fi allon zurfi ta baya, in ba haka ba ranar da aka ɗora babban littafi aka miƙar da shi, baya zai kifa.

Katako: allon ki sa a yi da filawud mai kaurin milimita 10 ko 12. Falle guda santimita 122 ne da 244, ba ki buƙatarsa, kowane shago akwai guntaye. Falankin katako mai faɗin 40 yakan sha laima da damina, hunturu ya zo ya busar da shi ya kantare, ki ga littafi na rawa a kai. Leɓe da ƙafa a yi su da jan katako. Farin nan mai araha da ake shigowa da shi ta garin Ɗan Isa na kan iyakar Najeriya sauƙin aiki gare shi, amma gara na sonsa, kuma ba ya riƙe sukuru da kyau. A haɗa da gam da sukuru, ban da ƙusa. In an shafa banish, ki bar shi mako guda a inuwa kafin littafi ya hau, don da zafin bazara ɗanyen banish kama bangon littafi yake yi.

Sai riƙe shafi saboda fanka. Wasu na sa yatsun ƙarfe biyu a leɓen, to in za a sa, a sa dama da hagu, tunda larabci da boko ba gefe ɗaya ake juya su ba. Ni dai ga tsoho mai rawar hannu ban so su, sai ya yi ta kokawa da su kowane shafi. Igiya mai laushi da ɗan nauyi a bakinta, a kafe ta a saman allon ta sauko kan shafin, ya fi: ya ɗaga da yatsa ɗaya, ya juya, ya saki.

Baduku Jikan Majema:

Ɗiyata, ta fata ta fi daɗewa, amma ba kowace fata ba. Mu nan Maraɗi Allah ya ba mu jar akuya, wadda fatarta ta yi suna tun zamanin da ayari ke ƙetare hamada da ita, har Turawa suka riƙa yi wa littattafansu bango da irinta. Laushi gare ta, ga ƙarfi, tana yarda a fefe ta ta yi siriri ba ta yage ba. Ta tunkiya sakwaf take, ba ta jure ja. Ta saniya kauri.

Ga inda za ki lura. Fatarmu da bagaruwa ake jeme ta, a shafa mata mai ta yi laushi, a rina ja da karan dafi. Man nan da rinin nan su ne abokan gabar takarda. Fatar da za ta yi kyau a takalmi ko jaka, in ta kwana cikin littafi da damina sai ki tarar da inuwarta a shafi biyu, kuma ba ta fita. Kafin ki biya, ki jiƙa farin ƙyalle kaɗan ki goga a kai. In ya ɗauki launi, a bar ta. In ta tsallake wannan, ki sa guntunta tsakanin farar takarda biyu, ki danne da abu mai nauyi ta kwana, da safe ki ɗaga takardar ga haske ki duba maiƙo. Ni ga littafi na fi ba da wadda ba a rina ba, in ya so a yi adon a ɓangaren da ke leƙowa waje.

Faɗi yatsa biyu, tsawo ya wuce littafin da ɗan kaɗan. Kar a yi mata ɗinki ko tuntu a cikin jiki, kaurin yana buɗe ɗaurin littafi sannu a hankali. Tunda wuri uku Baba yake bi, a yanka tsiri uku sirara a haɗa kansu a guntun fata mai ɗan ƙarfi, a cusa shi cikin kogon bayan littafin in mai bango mai tauri ne. Jika ba ya zarewa, fanka ba ta ɗauka. A bakin kowane a yi ƙulli, na farko ɗaya, na biyu biyu, na uku uku, ya gane su da yatsa ko bai sa tabarau ba.

Gardi Mai Tilawa:

Malam kafinta ya yi bayani, Allah ya saka. Amma ban yarda a raina mai naɗewar nan ba. Na asali daga falanki ɗaya ake sassaƙa shi, haƙoransa su sarƙe da juna ba ƙusa ba hinji, kuma akwai dalilin da ya sa bakinsa ya yi kwari: littafin na zama a ciki bai buɗe gaba ɗaya ba, bayansa ya huta. Allo shimfiɗaɗɗe tilasta wa littafi yake ya baje, kuma bugun yanzu da yawa gam ne kawai ya riƙe su. Mujalladi mai nauyi a tsaye, takardun na rinjaya ƙasa suna jan ɗaurin. Na ga tafsirai da suka rabu biyu ta haka.

Kuma ki tambayi Baba ko yana da rubutun hannu. Namu na tsangaya warwara ne, falle-falle, tsakanin bango biyu a ɗaure da igiyar fata a sa a gafaka. Wannan ba ya hawa abin da aka jingina, zubewa zai yi. A kwance ake karanta shi, ana ɗauke falle ana kifewa gefe, shi ya sa marubuta ke rubuta kalmar farkon falle na gaba a ƙasan wanda ya gabata, ko sun hargitse a iya jera su.

In kuwa bugun Madina ne mai shafi 604, layi 15 kowane shafi, kowane shafi a ƙarshen aya yake tsayawa, izu kuma kusan shafi goma ne. Alama ɗaya ta ishe shi a nan. Katin waya da kalanda mai hotuna dai a fitar da su daga cikin Alƙur'ani tun yau, ba sai an jira baduku ba.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko:

Yaya, kafin ki kashe ko dala, ki gwada da kwali. Mu a jami'a da kwalin taliya muke yi lokacin jarrabawa: a yanka, a naɗe shi kusurwa uku, a manne, a ɗora takardun darasi. Ba zai ɗauki tafsiri ya daɗe ba, amma zai nuna miki jinginar da idon Baba ke so. Ki ja layi da biro a inda ya ce ya yi masa, ki kai wa kafinta kwalin.

Kafinta Ɗan Bagalam:

Malam Gardi, maganarka a kan hanya take, kuma tana da magani. Maimakon allo ɗaya a yi biyu, a bar rata ta santimita 5 a tsakiya inda bayan littafin zai faɗa, kowane ɓangare a ɗan karkato shi ciki. An sami kwarin da kake so, an kuma sami jingina. Aikin ya ƙaru kaɗan, kuɗin ma haka. Gurbin da ya fi miƙewa kuma a bar wa ƙananan littattafai, manya su tsaya a na tsakiya. Shawarar kwali ma na karɓa, ta fi a zo ana kwatanta mini da hannu a iska.

Ɗiyar Malam, unguwar Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na auna: tafsirin 17 da 24 ne kamar yadda Malam kafinta ya ce, kauri 4 da rabi. Alƙur'aninsa na kullum ya fi shi faɗi, don haka allon zai kai 46. Rubutun hannu akwai, na kakanmu ne, amma yana cikin gafaka sai da azumi ake fito da shi, shi kam tebur ya ishe shi. Mun yi na kwalin jiya, jinginar da ya zaɓa ta fi kwanciya a kan yadda na zata, kuma ya ce teburin ne ya yi masa ƙasa, gwiwarsa ba ta shiga ƙarƙashi. Ke nan har tebur za a yi, mai ƙafafu a ware yadda kujerar za ta shige.

Baba Baduku, saura tambaya ɗaya: Alƙur'anin bangonsa mai laushi ne, ba shi da kogo a baya. Ina za a kafe tsirin fatar?