Sabuwar bindiga da harsashin haɗin gida: wa ya taɓa shiga wannan ruɗanin?

Baban Hanifa, Texas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da na sayi sabuwar bindigar farauta mai cin harsashi samfurin 6.5 Creedmoor, na kuma ci alwashin ba zan riƙa saya mata harsashin kanti ba, da hannuna zan haɗa. Na sayi injin matsa kwanso, da sikeli, da littafin haɗa harsashi na kamfanin Hornady, da sabon kwanso guda 100, da kan harsashi mai nauyin giren 140 (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna albarushi da kan harsashi da shi). Na faro daga mafi ƙarancin albarushin da littafin ya yarda da shi, ina ƙara giren 0.3 a kowane mataki, ina harbi uku-uku. Asabar ɗin farko, a yadi 100, wani mataki ya ba ni huji uku da suka haɗe wuri guda, har sulalla ɗaya ta rufe su. Na ɗauki hoto na tura wa duk wanda na sani. Na koma gida na haɗa guda 20 irinsa sak. Asabar ta biyu sai ga su a warwatse, wajen inci ɗaya da rabi. Wallahi ban taɓa komai ba. Wanda ya taɓa ganin haka ya ba mu labari.

Ɗan Gobir, Montana:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, barka da shigowa sahunmu, hoton nan duk mun taɓa tura irinsa. Ni nawa har a jikin firij na manna shi.

Harbi uku maƙaryaci ne. Abin da ya warkar da ni shi ne wata rana da na haɗa harsashi guda 30 samfurin .308 iri ɗaya, albarushi ɗaya, kwanso ɗaya, na harbe su uku-uku a takardu goma. Takarda mafi kyau ba ta kai rabin inci ba. Mafi muni ta haura inci ɗaya da kwata. Da a ce nauyin albarushinsu ya bambanta, da na rantse cewa na gano wanda bindigar ke so, alhali sa'a ce kawai ta faɗa kan waccan takardar. Da na jera takardun goma a kan juna na ɗaga su a hasken taga, sai na ga ainihin halin bindigar: kusan inci ɗaya da rabi, kuma tun farko haka take. To, ina zargin takardarka ta biyu ce ta faɗa maka gaskiya. Yanzu in ina gwada haɗi biyu, kowanne sai na ba shi harbi goma aƙalla kafin in saurare shi.

Tsohon Injiniya, Alberta:
Ɗan Gobir ya faɗi rabi. Ƙanena, harsashi nawa ya bi ta cikin bututun nan zuwa yanzu? Sabon bututu bai gama zama ba. Tawa da na saya, na auna gudun harsashinta tun ranar farko, na rubuta a littafi. Kafin ta cika harbi 150, wannan haɗin dai, ba ƙari ba ragi, gudunsa ya ƙaru da kusan ƙafa 60 a daƙiƙa, daga nan ya tsaya. Duk wahalar da na sha ta neman nauyin albarushi a harbi 40 na farko ta tashi a banza, don bindigar da na yi gwajin da ita ba ita ce ta rage a hannuna ba.

Shi ya sa yanzu ɗari na farko da sassauƙan haɗi nake harbawa, ina saita madubin hangen da ke kan bindiga, ina sabawa da kunama, kwanson kuma yana ɗaukar siffar ɗakin bindigar. Sai bayan nan in fara gwaji na gaske. Kuma ka nemi na'urar auna gudu, ko da aro. A da sai ka kafa wata mai ƙafa uku a gaban bindiga kana addu'ar kada ka harbe ta. Yanzu akwai ƙarama ta kamfanin Garmin da ke aiki da rada, a gefenka kake ajiye ta a kan tebur.

Maharbin Karoo, Afirka ta Kudu:
Ni labarina na zafi ne, kuma laifina ne. A nan hunturu a watan Yuni da Yuli yake, lokacin farauta ke nan. Na yi gwajina da safe cikin sanyi, ina ta hawa har na kusa ƙarshen abin da littafi ya halatta, ban ga wata alama ba. Cikin Disamba, tsakiyar bazararmu, na fita da sauran harsasan, na bar akwatin a gaban mota rana tana dukansa. Harbin farko sai sakata ta ƙi ɗaguwa. Da tafin hannu na buge ta. Da na duba gindin kwanson, ga wani ɗan tabo mai sheƙi inda ƙarfen da ke tunkuɗo kwanso ya buga masa hatimi, firaima kuma, wato ƴar hular da ke kunna albarushi, ta baje ta cika raminta, gefenta mai zagaye ya ɓace. Jikina ya yi sanyi. Na tattara sauran na koma gida na zare kawunansu ɗaya bayan ɗaya.

Baban Hanifa, kai da kake Texas, wannan maganar taka ce. Haɗin da ka gwada a Janairu kada ka amince masa a Agusta. Akwai albarushin da aka sani da jure sauyin yanayi, irin su H4350 da Varget, amma ko da su ni yanzu mataki biyu nake tsayawa ƙasa da ƙarshe. Barewa ba ta san bambancin ƙafa 50 a daƙiƙa ba.

Maman Sadiq, Minnesota:
Ku maza kuna son abu mai wuya. Maigidana ya yi mako uku yana sauya albarushi, yana sauya kan harsashi, har ya fara cewa an sayar masa da bututu mara kyau. Ranar da na riƙe bindigar zan saka ta a jaka, na ji madubin yana ɗan motsi a ƙarƙashin yatsana. Kusa ɗaya ce ta saki. Aka ɗaure, magana ta ƙare. Har yau ba ya son a tuna masa. Malam, duba kusoshin madubi da biyun nan da ke riƙe ƙarfen bindiga a jikin katakonta kafin ka ƙona ko giren ɗaya.

Sannan a dajinmu, in Nuwamba ta zo, da wuya ka harbi barewa a nesan da ya wuce yadi 150. Inci ɗaya da rabi nama ne a firiza.

Jikan Sarkin Baka, Kano:
Ina karanta ku ina mamaki. Kakana da tafin hannu yake auna albarushin adakarsa, ya tura da sanda, ya danna tsumma, kuma gada ba ta tsere masa. Ku kuma kuna faɗa a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Mu dai a nan sai kallo, don Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar mutum ya haɗa harsashi a gidansa ba.

Tsohon Injiniya, Alberta:
Allah ya jiƙan Baba. Amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauka abu ɗaya ne. Nasa baƙin albarushi ne, da mudu ake auna irinsa, yana da haƙuri. Namu marar hayaƙi ne, da sikeli ake auna shi, kuma giren ɗaya kashi ɗaya ne cikin 7,000 na laba. Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, ta gindaya wa 6.5 Creedmoor da .308 duka psi 62,000 ne, wato laba 62,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma wannan abin yana tashi ne inci kaɗan daga idonka. Shi ya sa ba na karɓar nauyin albarushi daga bakin kowa, ko aminina ne, sai na gan shi a littafin masu yin albarushin ko masu yin kan harsashin.

Ɗan Gobir, Montana:
Na manta abu biyu. A 2021, lokacin da firaima da kwanso suka yi ɓatan dabo a kantuna, na tsinci kwanson kamfani biyu na cakuɗa su. Daga waje tagwaye ne, amma ɗaya ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, sai albarushi ɗaya ya ba ni gudu iri biyu. A yadi 100 ban lura ba, a yadi 500 sai ga hujin sun rabu sama da ƙasa kamar layi biyu na sallah.

Na biyu, zurfin da kake dasa kan harsashi. Ni nakan auna inda kan yake taɓa zanen cikin bututu, in ja da baya inci 0.020, in bar shi nan har sai na gama da albarushi. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Kuma ka tabbata tsawon yana shiga magazin, wato gidan harsashin bindigar. Na taɓa haɗa 50 masu kyau da sai ɗaya-ɗaya nake cusa su da hannu.

Baban Hanifa, Texas:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Sadiq, jiya da daddare na bi kusoshin duka, a ɗaure suke tam, ban samu mafita mai sauƙi irin ta maigidanki ba. Baba Injiniya, na ƙirga kwanson da na harba: 62 kacal. Ke nan da saura. Wani maƙwabcina zai ara mini na'urar auna gudu ranar Asabar. Na haɗa 38 da suka rage a matakin tsakiya, zan harbe su goma-goma, in bar bututu ya huce tsakani, in rubuta zafin ranar a gefen kowace takarda. Hoton nan kuwa na goge shi daga wayata, sai dai surukina ya riga ya tura wa mutanen Funtuwa.