Shin Mud ya ƙaunaci yaran nan ne, ko amfani kawai ya yi da su?

Malam Sagir:

Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin waɗanda suka kalli fim ɗin Mud, wanda Jeff Nichols ya rubuta kuma ya ba da umarni, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a shekarar 2012. Labari ne na yara biyu 'yan shekara 14, Ellis da Neckbone, a jihar Arkansas ta Amurka, waɗanda suka tsallaka wani tsibiri a kogin Misisipi domin su mallaki jirgin ruwan da ambaliya ta maƙale a kan bishiya, sai suka tarar wani mutum ya riga su, ya mayar da shi maɓoya. Mutumin shi ne Mud, wanda Matthew McConaughey ya fito a matsayinsa, kuma ana nemansa ne saboda ya harbe wani a Texas bisa cin zarafin da ya yi wa masoyiyarsa Juniper. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda babban mutum zai riƙa aiken yara neman abinci da kayan gyaran jirgi da kai saƙo, alhali ya san 'yan sanda da dangin mamacin suna farautarsa. Shin wannan abota ce, ko dabara ce ta wanda ya shiga tsaka mai wuya?

Hajiya Bilkisu:

Wa alaikumus salam, Malam Sagir. A ganina amfani ya yi da su, kuma fim ɗin bai ɓoye hakan ba. Saƙonsa ne ya kai Ellis ɗakin otal ɗin da Juniper take a daidai lokacin da Carver, ɗan'uwan mamacin, yake dukanta, har yaron ya sha naushi a fuska. Saboda shi ne kuma yaran suka sato injin jirgin ruwa. Ellis da kansa ya faɗa masa cikin kuka cewa ya mayar da shi ɓarawo, kuma ban ga wanda zai ce yaron ya yi ƙarya ba.

Malam Nura:

Hajiya, maganarki tana kan hanya, amma ina ganin an bar rabin labarin a baya. Kamata ya yi mu tambayi abin da ya sa Ellis ya miƙa wuya haka, domin ba tilasta masa aka yi ba. Neckbone, wanda kawunsa Galen yake riƙo, ciniki ya ƙulla: zai taimaka, amma bindigar Mud ce ladansa. Shi kuwa Ellis ba ya neman komai na hannu. Auren iyayensa yana gab da mutuwa, mahaifiyarsa tana son komawa cikin gari, kuma idan ta bar gidansu na kan ruwa hukuma za ta rushe shi, wato rayuwar kogi da ya tashi a cikinta za ta ƙare ke nan. A wannan hali ne ya haɗu da mutumin da ya ce ya yi kisa saboda soyayya, kuma yana zaune a daji yana jiran mace guda da yake so tun yana yaro. Ellis ya riƙe wannan labari hannu bibbiyu, saboda idan Mud da Juniper suka gudu tare, to akwai soyayyar da ba ta ƙarewa. Shi ya sa ranar da ya ga Juniper a mashaya tare da wani, ranar da ya kamata su kai ta tsibirin, zuciyarsa ta karye fiye da ta Mud ɗin kansa, ga kuma May Pearl, yarinyar da yake so, da ta yi watsi da shi a gaban ƙawayenta.

Sannan a duba abin da Mud ya yi da maciji ya sari Ellis a cikin rafi. Ya tsunduma ya ɗauko shi, ya bar maɓoyarsa, ya kai shi asibiti da kansa a garin da aka baza hotonsa. Wanda amfani kawai yake yi da yaro ba zai yi haka ba. Ko bindigar ma, da ya cika alkawari ya ba Neckbone, sai da ya cire harsasan.

Malam Sagir:

Malam Nura, na gode, ban taɓa kallon Ellis ta wannan fuska ba. Sai dai dattijo Tom, maƙwabcin su Ellis na tsallaken kogi da ya daɗe da sanin Mud, wanda Sam Shepard ya taka rawarsa, ya riga ya gargaɗi Ellis cewa Juniper ta saba barin Mud tana dawowa, don haka Mud ya san gaskiyar da bai faɗa musu ba.

Hajiya Bilkisu:

Na yarda da batun macijin, Malam Nura, ba ni da ja a kansa. Amma bayan duk wannan, Mud ya sake zuwa gidan su Ellis da dare domin yin sallama, kuma zuwan nasa ne ya sa Carver da mutanensa suka buɗe wa gidan wuta, yaron da iyayensa suna ciki. Ba don Tom ya ɗauki bindigarsa daga tsallaken kogin ba, da wataƙila sallamar ta ci rayukan mutanen gidan.