Ƙara a ƙafar gaba ta Honda EOD, an canza shokazoba ba ta daina ba

Ɗan Arkilla:

Assalamu alaikum. Masana aikin ƙafar mota, ina biɗar shawara. Honda Accord ce 2004, wadda ake cewa EOD. Ƙafar gaba, ɓangaren direba, tana ƙara iri biyu. In na shiga gargada a hankali, irin lungunan Mabera bayan ruwa, sai in ji ƙwas-ƙwas-ƙwas ba tsayawa, amma bisa kwalta mai kyau shiru. Ta biyu "gum" ce guda mai nauyi, in na taka birki da ƙarfi ko na hau bam. Bakanike ya ce shokazoba ne, anka sa Beljiyom (na hannu daga waje) guda biyu, ƙara na nan. Yanzu shina cewa a canza sitiyarin rak. Kafin in sake zuba kuɗi, ta ina ya kamata a fara?

Usta Mai Ƙafa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kar ka taɓa rak tukuna. Ƙara biyu ka faɗa, kuma da wuya su zama daga abu ɗaya.

Ƙwas-ƙwas ɗin nan mai sauri a ƙaramar gargada, mafi yawa linkejin sitabilaiza ne (sitabilaiza ita ce sandar da ke rage kwanciyar mota a kwana), ɗan sandan nan mai kai biyu. Dalilin da ya sa take shiru a kwalta shi ne sitabilaiza ba ya aiki sai taya ɗaya ta hau ɗaya ta sauka. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a kwance linkejin duka biyu, a ɗaure bakin sandar sitabilaiza da waya don kada ta taɓa komai, ka bi lungun nan a hankali. In ƙarar ta ɗauke, shi ne, ko robobi biyun da suka riƙe sandar a tsakiya. A mayar da su kafin ka hau babban titi, domin in babu su mota tana kwanciya a kwana.

In ba ta ɗauke ba, ka sake bin gargadar ƙafarka na ɗan taɓa birki. Ta yi shiru? To fil ɗin kalifa (ƙarfen da ke matse fad ɗin birki) ne ya ci, ko fad ɗin birki ke rawa a mazauninsa.

"Gum" ɗin birki kuwa, ka duba babban bushin (roba) na lowa am, wato hannun ƙasa da ke riƙe ƙafar taya. A wannan Honda yana yawan tsagewa, ga zafinmu da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu yana busar da roba. Ka tsaya a gefe, wani ya ja motar a hankali ya taka birki lokaci guda, idonka a kan tayar. In ka ga ta zabura baya cikin mazauninta, bushin ya tafi. A haska tocila a ƙasa, za ka ga robar ta rabu da ƙarfenta.

Bayan nan sai a ɗaga da jak, a sa abin tokare mai ƙarfi, ba bulo ba. Kama taya dama da hagu ka girgiza: in da wasa, tayarod ne, sandar da ke haɗa rak da taya. Wani ya riƙe kan tayarod na waje, sannan ya matsa robar rak ya ji na ciki. Sau da yawa na cikin ne ya ci ake ɗora wa rak laifi, alhali shi kaɗai ake canzawa. Kama sama da ƙasa: in da wasa, a taka birki a sake girgizawa. Wasa ya ɓace, boris ɗin taya ne. Yana nan, boljoyin ne, gaɓar nan mai kan ƙwallo da ƙafar taya ke juyawa a kai.

Injiniya Runjin Sambo:

Usta ya yi bayani, amma ranka shi daɗe akwai wuri guda da ni ka son a gyara, don wagga mota ba Corolla ba ce.

A Corolla shokazoba bisa nokul (ƙarfen da ke ɗauke da taya) yake ɗaure, boljoyin na ƙasa ba ya ɗauke da nauyin mota, in taya na lilo ana jin wasansa. A Accord 2003 zuwa 2007 hannu biyu ne, ofa am na sama da lowa am na ƙasa, kuma shokazoba da sifirin kan lowa am sunka zauna. Nauyin mota na danna lowa am ƙasa, taya na riƙe da nokul sama, sai ya zan kullum jan boljoyin ɗin ake yi kamar za a zare shi daga kwaminsa. Shi ya sa kake ganin EOD a bakin titi taya ta kwanta waje, shaf ya zare. Kuma in ka ɗaga motar ta jiki taya na lilo, sifirin na nan shina danne da shi, ka girgiza ka ji tsam ka ce lafiya lau.

Yadda ake yi: a sa jak ƙarƙashin lowa am, kusa da taya, a ɗaga har taya ta bar ƙasa kamar yatsa biyu. A zura doguwar liba ƙarƙashin taya a riƙa ɗagawa ana saki, wani na kallon boljoyin da tocila. Motsi ko kaɗan tsakanin nokul da lowa am, a canza. Ko babu motsi, in robarsa ta yage, ƙura da yashi sun riga sun shiga giris. Sitiyari shina nauyi ko shina kukan ƙiii in kana murzawa a tsaye, wannan alamar ƙarshe ce, kada a kai ta ko Kwannawa, balle hanyar Gusau.

Ɗan Arkilla:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka. An duba, linkeji ya ci, kuma robar boljoyin na ƙasa ta yage amma babu wasa. Bakanike ya ce shi ɗura giris da sirinji shi ɗaure robar. In bari?

Injiniya Runjin Sambo:

A'a Malam. Giris bisa yashi ƙara cin ƙarfen yake yi, ƙara kawai za ta kwanta. Haka masu dukan gindinsa da guduma wai ya matse. A sa sabo mai kyau, kuma ɓangare biyu, tunda tare sunka tsufa. Boljoyin ba abin saye Beljiyom ba ne, ba ka san tafiyar da ya yi ba. A matsa shi cikin nokul da firés (na'urar matsewa), kada a buga, kuma ka gani da idonka an sa sabon fil a notinsa, ba guntun waya ko ƙusa ba. Na sama tare yake da ofa am, in ya ci am ɗin ake canzawa gaba ɗaya.

Usta Mai Ƙafa:

Haka ne. In an zo kan bushin, kada a ƙarasa ɗaure notunan lowa am mota na rataye. A sauke ta, nauyinta ya zauna, sannan a ɗaure. In an ɗaure a sama, robar tana murɗewa da zarar an sauke, ba ta jimawa ta sake tsagewa. Tunda an taɓa shokazoba, a duba notin samansa da na cokalin ƙasa da ke haɗa shi da lowa am, sakinsu ma yana ba da "gum". Notin taya 108 Nm ne. Sai alaimen a ƙarshe, bayan an gama komai. Iskar taya kuma ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, wajen 30 zuwa 32, don masu faci kan cika ta har 45, ƙafa ta riƙa shan duka a banza.