Gwajin korona ya nuna layi ɗaya, amma tari ya ƙi barina: in yarda da shi?

Telan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga masu aikin asibiti.

Daren Laraba zazzaɓi ya rufe ni, har da rawar ɗari. Da gari ya waye maƙogwaro ya soma ƙaiƙayi, sai busasshen tari da ciwon gaɓoɓi. Na lallaɓa kemis ɗin layinmu, yaron ya huda min yatsa ya ce maleriya ce, ya ba ni maganin kwana uku. Na shanye shi tas. Zazzaɓin ya lafa, amma tarin sai abin da ya yi gaba, ga kasalar da ko keke ba na iya takawa, ɗinkunan bikin mutane jibge a shago.

A ranar Alhamis ɗin dai, ƙanena da ya zo daga Abuja ya ciro wani ɗan kwali na gwajin korona na gaggawa da aka raba musu a wurin aiki. Ya ɗan zura min tsinken a hanci, na yi atishawa ya zare, muka jira, layi ɗaya ya fito. Ya ce shi ke nan, ba ni da ita.

Ba don kaina nake tambaya ba. Hajiyarmu gida ɗaya muke, shekarunta sun haura 70, tana da suga da hawan jini. Allurar rigakafi ɗaya ta yi, ba ta koma ta biyu ba. Ni ke shiga kullum da safe in gaishe ta in auna mata suga, kuma ban fasa ba, tunda an ce min ba korona ba ce. Jiya ta fara atishawa. Ga rediyo kullum maganar Omikron, sabon nau'in korona, ake. To wanne zan kama, gwajin maleriya da ya ce akwai, ko na korona da ya ce babu? Ko duk hunturu ne kawai?

Direban Kano-Kaduna:

Malam Tela, Allah ya ba da lafiya. Disambar 2021 muke fa. A tasha yanzu in ka ji wanda ba ya tari, to baƙo ne. Ƙura ce da sanyi. Ka dafa citta da kanumfari da lemon tsami, ka yi sirace da tazargade, ka rufe kunne da asuba. An gwada an ce ba ka da ita, me kuma kake tonowa? Mai neman kuka ne kawai ake jifa da kashin awaki.

Mai Farar Riga:

Wa alaikumus salam, Yaya. Ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, bari in faɗa maka abin da na sani. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba Hajiya lafiya.

Layi ɗayan nan ban yarda da shi ba tukuna. Gwajin gaggawa furotin ɗin jikin ƙwayar cutar yake nema, kuma sai ta taru da yawa a hanci yake ganinta. Kamar rariya ce mai manyan huji: tsaki zai tsaya, amma gari mai laushi ya wuce. Kai kuwa washegarin fara zazzaɓi aka gwada ka, lokacin da sau da yawa ƙwayar ba ta kai yawan da zai kama ba. Ko ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya kafin ta amince da irin wannan gwaji shi ne ya gano aƙalla 80 cikin 100 na waɗanda gwajin PCR ya tabbatar suna da ita. Ka ga ke nan tun a takarda an san wasu za su sulale. Shi PCR kwafin ƙwayar halittar cutar yake ta ninkawa a cikin na'ura har sai ta bayyana, shi ya sa ko kaɗan ce yana gani, shi ya sa kuma sai an jira sakamako.

Sannan yadda ka ba da labarin ɗaukar ma akwai gyara. Zurawa a zare da atishawar farko ba ɗauka ba ce. Ana juya tsinken sau da yawa yana gogar bangon hanci, yadda takardar cikin kwalin ta nuna, sannan a matse shi sosai a cikin ruwan. A duba sakamako bayan minti 15, kada kuma a dawo bayan awa guda a ce wani layi ya fito, wannan ba ya cikin lissafi. Tambayi ƙanen naka inda kwalin ya kwana. Yawancinsu an rubuta a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 30. In a gaban mota ya sha rana tun daga Abuja, to sai a hankali.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne sakamakon biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Layi biyu, ko na biyun dishi-dishi ne, kusan kullum gaskiya ne. Layi ɗaya ga mai zazzaɓi da tari, a lokacin da cutar ke yawo a gari, ma'anarsa a sake gwadawa bayan kwana biyu, ko a je a yi PCR.

Na maleriya kuma, ba na cewa yaron kemis ya yi ƙarya. Amma a ƙasar nan manya da yawa suna yawo da ƙwayar maleriya a jini ba tare da ta kwantar da su ba, kuma wannan ɗan gwajin na huda yatsa yana iya ci gaba da nuna akwai har makonni bayan an warke. In ka yi zazzaɓi a ƙarshen damina, zai iya zama ragowar wancan ya gani. Kuma ba abin da ya hana mutum ɗaukar biyun a tare. Maleriya dai ba ta saba zuwa da ƙaiƙayin maƙogwaro da busasshen tari ba.

Roƙona ɗaya: kada ka koma a ce maka taifot ce a ɗora ka kan allurai. Gwajin taifot na Widal da ake yi sau ɗaya a yanke hukunci, shi kam ya fi duk waɗannan ruɗa mutane.

Maman Tagwaye:

Direba, ka yi haƙuri, irin maganar nan muka yi ta yi a 2020. Dab da azumin shekarar, a Kano, dattawa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa zafi ne, maleriya ce, suga ce ta tashi. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya fito a watan Yuni ya ce a cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. Baffanmu na cikin waɗanda suka rasu dab da azumin nan. Bai taɓa cewa numfashinsa na yi masa wuya ba, barci kawai yake ta yi, ya daina cin abinci.

Ɗan'uwa Tela, shayin citta ba laifi, sha abinka. Amma ka daina shiga ɗakin Hajiya. Ka gaishe ta daga tsakar gida, uwa ba za ta riƙe ka da wannan ba. A bar taga a buɗe da rana ko da tana ƙorafin sanyi.

Telan Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Allah ya jiƙan Baffa. Malama Mai Farar Riga, na tambaye shi, a aljihun jakarsa kwalin yake, bai sha rana ba. Saura guda biyu a ciki. Yau Litinin, in sake yanzu ko lokaci ya wuce? Kuma ni ina jin ƙanshi sarai, turaren wutar maiɗakina ma har hawa min kai yake. Na ɗauka mai korona ba ya jin wari. Wani maƙwabci kuma ya kawo min shawarar in sayo wa Hajiya maganin deksametason tun kafin abin ya yi nisa, wai shi ake ba su a asibiti.

Mai Farar Riga:

Yi yau, Yaya, bai wuce ba. Kwana biyar zuwa bakwai na farkon ciwo su ne lokacin da gwajin gaggawa ya fi kamawa. Ɗayan kuma na Hajiya ne, amma tunda jiya ta fara, in ya nuna layi ɗaya kada ku saki jiki kamar yadda aka yi da naka. Ita PCR ya fi dacewa da ita. Kira 6232, layin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, ne kyauta, su faɗa maka wurin ɗaukar samfur mafi kusa da ku.

Batun ƙanshi, ko a zagayen farko na annobar ba kowa ke rasa shi ba. Waɗanda muke gani a makonnin nan yawanci mura, ciwon maƙogwaro da ciwon kai suke kawowa, hancinsu na aiki lafiya lau.

Deksametason kuwa, don Allah kada ka kusance shi. Binciken da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna yana ceton waɗanda aka riga aka sa wa iskar oksijin ne, ba mai atishawa a gida ba. Ga mai suga kuma, zai harba sugan sama ne. Ta ci gaba da magungunanta na kullum, ta yawaita shan ruwa, a riƙa auna sugan fiye da yadda aka saba domin ciwo na tayar da shi. Wa ke da lafiya a gidan? Shi ya karɓi awon, da takunkumi a fuska, ya wanke hannu kafin da bayan.

In za ka iya, sayi ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa yana nuna yawan oksijin. A ɗumama hannunta tukuna, sanyin hunturu na sa ya yi ƙarya, kuma a zaɓi yatsan da ba baƙin lalle. A kan baƙar fata yakan nuna lamba sama da gaskiya kaɗan, saboda haka in ka ga 94 ka sa ido sosai, in ya sauka 92 ko ƙasa ku tafi asibiti, ko dare ne. Haka in ta soma haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ko barci ya yi yawa, ko magana ta rikice, kada ku tsaya jiran sakamakon kowane gwaji.

Ɗinkin biki kuma, ka kira masu kaya ka ba su haƙuri, ko yaran shago su ƙarasa. In layi biyu ya fito, bisa ƙa'idar da ake bi a 2021, kwana goma daga Larabar da zazzaɓin ya fara kana gida, sannan a ƙara kwana uku ba zazzaɓi ba tari. Ka turo mana hoton sakamakon a cikin minti 15 ɗin, a wuri mai haske.