WinForms: na share kayan cikin Panel amma manhaja na ci gaba da faɗuwa

SabonHannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Manhajar shago ce da na rubuta da yaren C# a kan WinForms, tsarin haɗa manhajojin Windows. Duk binciken da aka yi, tana zuba kati 150 cikin FlowLayoutPanel (Panel mai jera kayan cikinsa da kansa), kowane kati UserControl ne (haɗin ƙananan kaya wuri guda) mai hoto ɗaya, Label biyu da maɓalli ɗaya. Kafin sabon bincike ina kiran Controls.Clear. Bayan bincike goma sha wani abu sai ta tsaya da saƙon "Error creating window handle". Ina matsalar take?

MaiGyaranKod:
Wa alaikumus salam. Malam, Clear cire kayan kawai yake yi daga jerin, ba ya kashe su. Kowane ɗaya taga ce a wurin Windows, da lambar riƙonta, kuma tana nan da rai har sai an kira Dispose, umarnin da ke kashe ta. Yi lissafi: katinka ɗaya taga 5 ne, sau 150 ya zama 750 a bincike guda. Windows kuwa irin waɗannan lambobin riƙo 10,000 yake yarje wa kowace manhaja idan ba a taɓa saitinsa ba. Bincike 13 ya kusa cinye su.

Don ka gani da idonka, buɗe Task Manager, shiga Details, ka ƙara layin USER objects (inda ake ƙirga tagogi) da na GDI objects (kayan zane). Idan lambar na hawa ba ta sauka, to yoyo ne.

Gyaran shi ne ka kira Dispose a kan kowane kati, amma daga ƙarshen jerin ka dawo farko, wato daga Count a cire 1 har zuwa 0. Kada ka yi da foreach. Dispose da kansa yana fitar da katin daga jerin Panel ɗin da yake ciki, na bayansa ya matso gurbinsa, zagayen ya tsallake shi. Rabi za su tsira, ba tare da wani saƙon kuskure ba.

Injiniya_K:
Ƙari a kan abin da ɗan'uwa ya faɗa: kashe PictureBox ba ya kashe hoton da ka ɗora masa ta Image. Ka kira Dispose a kan hoton shi kaɗai tukuna, sai dai idan wasu katunan ma da shi suke aiki. Sannan ka kewaye zubin da SuspendLayout da ResumeLayout (masu dakatar da lissafin mazauni har a gama), ka yi amfani da AddRange (mai zuba katunan gaba ɗaya). In ba haka ba, duk katin da ya shigo sai an sake lissafin mazaunin sauran.

TsohonMaƙeri:
Ni dai a ganina tsarin ne ke buƙatar sauyi. Kaya 150 aikin DataGridView ne, wato jadawali: yana da layin hoto da layin maɓalli, kuma gidajensa zane ne kawai, ba tagogi ba. Idan dole sai kati, ƙirƙiri 20 sau ɗaya, ka riƙa sauya musu rubutu da hoto shafi bayan shafi.

SabonHannu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na juya zagayen baya, USER objects yanzu yana komawa inda yake bayan kowane bincike. Zan gwada na shafi-shafi gobe in sha Allah.