Neman shawara: in koma koyarwa ko in zauna da 'yata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Kano. 'Yata watanta uku, an ce in koma aiki farkon wata ko a ba wata gurbina. Maigidana tela ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da yake samu ba ya kai mu ƙarshen wata. Albashina ne ke sayen ƙwai da kifi, shi ne kuɗin makarantar yayanta. Surukata kuwa ta ce ɗan da uwa ke fita ta bari ba ya ƙwari. Maganar nan ta hana ni barci. Don Allah ku ba ni shawara.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da muke gani a asibiti, yunwa ce ke tsumburar da yara, musamman daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Ƙwan nan da kifin da kike saya su za ta buƙata da zarar ta cika wata 6, tare da kunun gyaɗa da wake da zogale. Kafin nan dai nono zalla, ko ruwa kada a ba ta. Ki riƙa tatsa a kofi mai tsabta da murfi. A ɗaki kada ya wuce awa 4, a zafinmu na Kano ma gara a ba ta da wuri. A firij mai wuta yana kai kwana 4.

Hajiya daga Zariya: 'Yar nan, ni damuwata hannun da za ki bar ta. Kada ki damƙa jaririya ga 'yar aiki ƙarama, ita ma renon take buƙata. Yaro yana son a yi masa magana, a yi masa tawai, a amsa gwarancinsa. Ki je ki durƙusa wa surukar taki ki roƙe ta ta riƙe jikarta. In ta karɓa, ƙorafin ma zai ragu.

Wata ma'aikaciya: Dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a lokacin aiki don ta ba da nono. Ki tambayi shugaban makarantar ko za ki zo da ita da mai reno. Mu ma'aikatan jihar Kaduna hutun haihuwarmu wata 6 ne, ina ma a ce ko'ina haka yake.

Maman 'yan biyu: Ni dai ban ce ki koma kai tsaye ba, Anti. Ki fara cire kuɗin adaidaita sahu da na reno daga albashin. In ragowar ba ta taka kara ta karya ba, ki tara yaran unguwa ki yi musu lesin a gida da yamma, 'yarki na goye a bayanki. Nawa ne kuɗin motarki a wata?