Katin da ke dawo da kuɗi ko na tara mil ɗin jirgi, wanne ya fi dacewa da ni?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 3 a Maryland, ni da iyalina da yara biyu. Ina so in buɗe katin kiredit, amma na rasa wanda zan zaɓa tsakanin mai dawo da wani kaso na abin da ka kashe da mai tara mil, wato makin da ake sayen tikitin jirgi da shi. Wani abokin aikina ya ce da mil yake zuwa Legas. Ni babban burina mu je Kano mu huɗu, don Hajiya ba ta taɓa ɗaukar ƙaramin ba, kullum sai ta waya take ganinsa. Cefane, man mota, waya da inshora suna cin kamar dala 1,500 a wata. Haya ba ta ciki. Don Allah a ba ni shawara.

Yaya daga Houston: Wa alaikumus salam ƙanena. Mu yi lissafi da kuɗinka. Dala 1,500 sau 12, dala 18,000 ke nan a shekara. Katin Citi Double Cash yana dawo da kashi 2 cikin 100, ba kuɗin shekara, ka samu dala 360. Katin Capital One Venture yana ba da mil 2 kan kowace dala, ka tara 36,000, amma ana biyan dala 95 duk shekara. In ka yi amfani da mil ɗin wajen goge kuɗin tikiti, darajarsu dala 360 ɗin ce dai, sai ka cire 95. Kuma 36,000 ba za su kai mutum ɗaya Najeriya su dawo da shi ba, balle huɗu. Abokin aikinka wataƙila shi kaɗai yake tafiya, ko kuwa abin da yake kashewa ya ninka naka.

Maman 'Yan Biyu: Ni mil nake tarawa, kuma na ci moriyarsu. Makin katin Chase Sapphire Preferred ana tura su kamfanin jirgin United ɗaya bisa ɗaya, da mil ɗin United kuma za ka iya samun kujera a Ethiopian ko EgyptAir, tun da duk suna cikin ƙawancen kamfanonin jiragen sama na Star Alliance. Dukansu biyu suna sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma Ethiopian yana tashi daga filin jirgin Dulles, ga shi nan kusa da kai. Inda gizo ke saƙa shi ne kujerun mil kaɗan ake warewa. Ni kaɗai a watan Fabrairu na samu cikin sauƙi. Kujeru huɗu a jirgi ɗaya lokacin hutun makaranta ko Disamba kuwa, sai an sha wuya. Harajin tikiti ma da kuɗi za ka biya.

Baba na Bronx: Ɗana, ban ji an taɓo maganar ruwa ba, kuma ita ce ta fi damuna. Kuɗin ruwan katunan nan yakan haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Ba a ɗora maka shi muddin ka biya duk abin da ke kan takardar wata kafin ranar da aka yanka, amma in ka biya mafi ƙaranci kawai, ya fara hawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a shekarar 2000 cewa katin da ke da sharaɗin ruwa bai halatta ba, ko da mutum ya ƙudurta biya a kan lokaci. Akwai malaman da suka sassauta wa mazauna nan saboda larura. Ka zauna da malamin da ka amince da shi kafin ka sa hannu.

Yaya daga Houston: Gaskiyar Baba. In ka buɗe, ka saita asusunka ya riƙa biyan duka da kansa kowane wata. Kada kuma ka tura wa Hajiya kuɗi da shi, don sau da yawa ana ɗaukar hakan tamkar ka ciri tsabar kuɗi, a caje ka lada, ruwa ya fara tun ranar. Sannan Double Cash yana ƙara kashi 3 cikin 100 a sayayyar ƙasar waje, ka bar shi a aljihu in kun sauka Kano.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, zan ga liman ranar Juma'a in sha Allahu. In ta yiwu, mai dawo da kuɗin zan ɗauka, in riƙa zuba abin da ya dawo a asusun da muke tara kuɗin tikiti.